Agogo Na Biyu a Bangon Malam

Shekarar da aka ja wutar lantarki zuwa makarantar garin suka fara haɗuwa. Malamin labarin ƙasa ya kai agogonsa gyara, ya tarar da wani siririn mutum a rumfar da ba ta fi faɗin tabarma biyu ba, gilashi maƙale a ido ɗaya. Mai Agogo kowa ke ce masa. Bai taɓa shiga aji ba, amma in ya kara agogo a kunne sai ya faɗa maka ciwonsa.

Ranar ya yi tambaya. "Malam, wai da gaske akwai garin da yanzu ko karyawa ba su yi ba, mu ga rana tsaka?"

Malam bai yi masa dariya ba. Asabar shida a jere yana ɗauko ƙwallon taswirar duniya zuwa rumfar, da tocila da zare. Tocila ce rana, zare ne hanyar jirgi. Mai Agogo ya koya, sannan ya koma kan teburinsa ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo, har wayar hannu ta cinye masa kasuwa.

Autar Malam ta sami aiki a wani birni mai nisan kilomita dubu tara. Lokacin Malam ya tsufa, lissafi ya fara kuɓuce masa, ko da yake ba ya son a sani. Ranar tafiyarta, takardar jirgin ta ce tashi bakwai na safe, sauka sha biyu na rana. Sha biyu na bugawa ya zauna gaban waya. Ɗaya ta yi, biyu ta yi, shiru. Matarsa ta kawo abinci ta mayar.

"Ko jirgin faɗuwa ya yi?" ta ce.

"Rufe min baki!" Ya sake duba wayar.

Sai ga Mai Agogo ya yi sallama, da wani tsohon agogon bango a hammata. Ya dubi wayar, ya dubi takardar, ya gane. Ya zauna ya sha ruwa.

"Malam, kan nan nawa ya zama rariya. Tuna min karatun zaren nan. Sha biyun da suka rubuta, tamu ce ko tasu?"

Malam ya gyara zama, ya ɗaga yatsa kamar yana gaban allo.

"Tasu ce mana, daƙiƙin ɗalibi! Awa shida muke gabansu. Tafiyar awa goma sha ɗaya ce, sai shida na yamma za ta sauka."

"Ka ji! Shi ya sa ban ci jarrabawa ba."

Uwargida ta fashe da dariya tana share hawaye da bakin zane.

Mai Agogo ya nemi ƙusa, ya rataye agogon da ya kawo kusa da na gidan, ya mayar da hannunsa baya awa shida. Shida da kwata waya ta yi ƙara, ga muryar Auta.

Tun daga ranar, duk Asabar sai ya zo ya murɗa makullin agogon, ya sha shayi, ya yi wa Malam wata tambayar da ya riga ya san amsarta.