Sawun Saige a Ƙwaryar Atu

Atu mutuniyar Fakku ce, sana'arta zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi. Gajera ce, ga faɗa, in ka tare mata haske tana aiki sai ka sha magana. Sauran masu zane layi da da'ira suke yi yadda suka gada. Ita kuwa fadama take tafiya ta tsuguna, tana kallon ganyen gawo da sawun zabi, tana kwaikwaya da gawayi kafin ta ƙona. Tun tana yarinya mahaifinta, wanda malami ne, ya hana ta zana mai rai, kuma ta riƙe maganarsa har tsufa. Ba ta zana tsuntsu, sai dai inda ya taka.

A shekarar da annoba ta share shanun ƙasar, zamanin sarakunan Sakkwato, wani dattijon Bafulatani mai suna Bube ya yi sallama a ƙofarta. Garkensa ya ƙare ƙaf, har da Saige, saniyar da 'ya'yansa suka tashi da nononta. Zai koma wurin ƙanwarsa a Kebbe.

"Zana mini ita, Atu," in ji shi. "Tsoro nika ji in mance ta."

"Baffa, ka san ba ni zana mai rai." Tausayi ya kama ta. "Ina taka shan ruwa?"

Suka nufi mashaya. Laka ta bushe da sawun shanu birjik, ga hadarin farko ya haɗo, in ya sauka shi ke nan. Bube ya yi ta rarrafe har ya samo shi, sawun ƙafar baya mai karkataccen kofato. Atu ta tsuguna da ƙwarya da gawayinta, iska na kaɗa mata zane, tana yi masa tsawa ya matsa daga haske. Da yayyafi ya fara ta kife ƙwaryar a cikin mayafi, suka taho gida a jiƙe.

Washegari ta ƙona zanen. Bube ya bi karkataccen sawun da yatsa a hankali, hawaye na zubo masa.

"Ita ce," in ji shi. "Haka taka takawa."

Ya tafi Kebbe rungume da ƙwaryar. Mutanen can sun ce har ya rasu, duk nonon da aka ba shi sai ya juye a cikinta kafin ya sha.