Gwajin Kyamara Biyu a Gidan Famfo na Bayan Kuru

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni gidan famfo na bayan Kuru da kyamara biyu a cikin jaka ba. Tunda ku sababbi ne a sashen nan, gara in ba ku labarin tun kafin a fara aikenku waje.

A lokacin ina matakin albashi na takwas, mai ɗaukar hoto a sashen yaɗa labarai na ma'aikatarmu ta ruwa. A takarda mu uku ne, amma a zahiri ni kaɗai ne. Babbanmu ya yi ritaya, na biyun ya samu canjin aiki zuwa Abuja, kuma ba a kawo kowa ba. Iyalina suna Bauchi saboda matata tana koyarwa a can, ni kuma ina ɗaki ɗaya a unguwar Rikkos, sai ƙarshen wata nake leƙa su. Akwai ranakun da in ban da gaisuwar maigadi da safe, ba na buɗe baki da kowa har a tashi.

Kyamarar da nake aiki da ita irin marar madubin nan ce. Ga wanda bai san sana'ar ba, manyan kyamarori na da suna da ɗan madubi a ciki wanda yake ɗagawa duk lokacin da aka danna. Waɗannan ba su da shi, haske yana shiga kai tsaye, kana kallon hoton a ɗan allo tun kafin ka ɗauka. Tamu ƙaramar aji ce, irin wadda ake saya wa mai koyo, kuma ta kwana biyu a hannu. A rana tsaka ba ta da laifi. Amma da zarar an shiga ɗakin taro mai ƙarancin haske sai ta kama neman fokas, wato daidaita hoto ya fito tas, gilashin da ke bakin kyamarar yana gaba yana baya, har darakta ya gama miƙa kyauta ya zauna. Sau biyu ina rubuta takardar koke a kan haka.

Wata Talata cikin damina Madam Kachollom, mataimakiyar darakta mai kula da sashenmu, ta kira ni ofishinta. Ta turo mini wani ɗan kwali a kan tebur.

“Malam Ɗanlami, ga ƙanwar kyamararka. Kamfani ɗaya, aji ɗaya, sai dai wannan sabon fitowa ce. Mai kawo mana kaya ya bar ta kwana uku. Ka gwada, ka rubuto rahoto kafin Juma'a.”

Ƙa'idar ita ce ba a sayen kayan aiki sai wanda zai yi amfani da shi ya gwada ya sa hannu. Gwajin kuma sai ya zama na adalci. Abu ɗaya za ka ɗauka da kowacce, a wuri ɗaya, da gilashi ɗaya, cikin haske ɗaya, ka liƙa hotunan a bayan rahoto, sannan ya tafi gaban kwamitin saye.

Har na miƙe sai ta ce in dakata. Ana shirya bikin sallamar waɗanda suka yi ritaya a shekarar, kuma za a buga ɗan littafi mai hoton kowa da tarihin aikinsa. Duk sun zo ofis na ɗauke su, saura mutum ɗaya. Ta buɗe fayil ta nuna mini wani tsohon fasfo baƙi da fari na wani saurayi mai cikar gashi.

“Dalyop, mai kula da famfo. Ni ban san shi ba, na tambayi mutanen sashen ma'aikata su ma ba wanda ya tuna fuskarsa. An aika masa saƙo bai zo ba. Idan babu hoto zuwa Juma'a, mai buga littafin zai cire shafinsa. Ka je ka yi gwajinka a kansa, ka ga an huta.”

Washegari direba ya sauke ni a bakin titi bayan mun wuce Kuru, ya ce mota ba za ta shiga taɓon nan ba, zai dawo ya ɗauke ni ƙarfe uku. Na taka wajen rabin awa tsakanin duwatsu da shingen kerana da gonakin acca, ana yayyafi, sanyi yana shiga ta wuyan riga. Ban gamu da kowa ba. Gidan famfon yana bakin wani tsohon ramin kuza da ya zama tafki. Ɗan gini ne mai taga ɗaya, da wani ƙaramin ɗakin kwana a jikinsa.

Wani dattijo ya fito da takalmin roba da tsumman goge mai a hannu. Da ya ga katin ma'aikata a wuyana sai ya tsaya cak.

“Lafiya, oga? An ce in tashi yau ne?”

Na ce masa a'a Baba, hoto na zo ɗaukarsa don littafin sallama. Ya ce saƙon ya iso, amma ba wanda zai bar wa injin, kuma bai yi zaton za a turo mutum takanas saboda shi ba. Ya roƙe ni in ba shi minti biyar. Ya shiga ɗaki, na ji ƙarar ruwa a bokiti, sai ga shi ya fito da baƙar kwat ta zuwa coci a kan rigar aiki. Ya ɗora butar shayi a kan risho, sannan ya zauna a benci kusa da injin.

Ba wuta ranar, injin yana kashe, cikin ɗakin kamar bayan magariba. Daidai irin wurin da nake so don gwaji ke nan. Na fara da sabuwar. Ina ɗaga ta wani ɗan koren akwati ya bayyana a allo ya kama idonsa na dama, ya motsa kai, akwatin ya bi shi. Ba ta yin ƙara ko kaɗan idan ka danna. Kafin minti biyu na ɗauki goma, dukansu tas, har zaren da ya fita a kafaɗar kwat ɗin ana gani. Na rubuta lokaci a littafina. Shi kuwa yana ta gyara wuyan riga.

“To, in na shirya zan gaya maka,” in ji shi.

“Ai na gama, Baba.”

Ya dube ni, ya dubi kyamarar, sannan ya juya ya dubi butar da ko ɗumi ba ta yi ba.

“Shi ke nan? Za ka tafi?”

Gaskiya da kyamara ɗaya na zo da ita, da na tafi. Da na koma bakin titi na tari mota, don na saba da haka: ka ɗauka, ka gode, ka fita. Ƙa'idar gwaji ce kawai ta zaunar da ni. Na ce masa akwai ta biyu.

Na cire gilashin na mayar kan tsohuwar. Kamar yadda na sani, ta kama nema. Ta kama bututun da ke bayansa, ta sake, ta kama bango. Na ɗauki biyu a haka don rahoto, duk sun yi dishi-dishi. Muka ja bencin zuwa taga, bai isa ba. Muka kai shi bakin ƙofa, sai ruwa ya kece, gari ya ƙara rufewa. Batirinta kuma ya nuna ja saboda sanyi, na cire na sa a aljihun ƙirji ya ɗan ji ɗumi. Ba abin yi sai jira.

Ya zuba mana shayi, shi a kofi, ni a wani gwangwanin madara da ya wanke sau biyu yana ba ni haƙuri, wai kofi ɗaya gare shi. Na tambaye shi tun yaushe yake nan. Ya ce tun yana saurayi. Da su biyu ne suna karɓa-karɓa, ɗayan ya rasu, aka ce za a turo wani.

“Har yau ana turowa,” ya ce, ya ɗan yi dariya.

Matarsa ta zauna tare da shi a ɗan ɗakin nan har ta rasu. ’Yarsa nas ce a Legas, ɗansa yana Fatakwal, suna bugo waya ran Lahadi idan akwai sabis, shi ma sai ya hau wani dutse da ya nuna mini. Ya ce da kunne yake sanin lafiyar injin, ko barci yake yi, in sautin ya canza sai ya farka.

“Mutanen da suna shan ruwan nan, ban san ko ɗaya ba. In ruwa ya zo, ba mai tambaya. In ya ɗauke ne ake neman lambana.”

Sai ya tambaye ni ni fa. Ban san abin da ya sa ba, na gaya masa komai: teburan da ba kowa a ofis, da ɗakina na Rikkos, da yadda ƙaramar ’yata ta ɓuya a bayan uwarta zuwan da na yi na ƙarshe, sai da yamma ta yarda na ɗauke ta. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Bai ba ni shawara ba, ya dai gyaɗa kai, ya ƙara mini shayi.

Wajen ƙarfe ɗaya ruwan ya tsagaita, haske ya ɗan shigo ta ƙofa. Na mayar da batir. Yana cikin ba ni labarin yadda matarsa take faɗa da shi kan yana shigo mata ɗaki da warin dizal, na danna. Tsohuwar ta yi ƙarar nan tata, ƙwas, ta kama shi.

Na nuna masa hotunan biyu a allo. Na sabuwar ya fita fes, amma mutumin ciki a ƙame yake kamar mai jiran a karanta masa takardar kora. Na tsohuwar yana da ɗan yashi-yashi, kalarsa ba ta cika ba, amma mutum ne yake magana a ciki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a sa na farkon a littafi tunda shi ne mai kyau, na biyun kuma in wanke masa ya aika wa ’yarsa.

Nan na kusa yin kuskure. Har na fara tsara jimla a raina cewa tsohuwar tana fito da mutum yadda yake. Sai na tuna ban yi adalci ba, domin ba mutum ɗaya na ɗauka da su ba. Ta farko baƙo ta ɗauka, ta biyu kuma wanda muka yi awa biyu muna shan shayi tare. Na sake mayar da gilashin kan sabuwar, na ce ya ƙarasa mini labarin dizal. Ya ƙarasa, na ɗauka bai ma sani ba. Wannan na uku ya fi duka biyun nesa ba kusa ba, kuma shi aka buga a littafin.

A rahoto na rubuta abin da na gani. Sabuwar ta fi saurin kama fuska, ta fi tsafta a duhu, kuma shirunta zai yi amfani a ɗakin taro. Tsohuwar ta fi daɗin riƙewa ga mai babban hannu, kuma a hasken rana bambancinsu kaɗan ne, don haka na ce a bar ta a matsayin ta ko-ta-kwana. Madam ta karanta, ta tsaya kan lokutan da na rubuta.

“Awa huɗu a kan mutum ɗaya, Malam Ɗanlami?”

Na ce ruwa ne ya tsare ni, ranki ya daɗe. Ta dubi hoton na uku na ɗan lokaci, sannan ta sa hannu. Kwamiti ya amince aka saya.

Ranar bikin ɗakin taro ya cika. Kowane mai ritaya ya zo da zugarsa, mata da anko, jikoki, har da masu ganga. Baba Dalyop ya zo shi kaɗai cikin kwat ɗin nan, ya zauna a kujerar ƙarshe ta layin gaba, littafin a kan cinyarsa a buɗe daidai shafinsa. ’Yarsa ba ta samu hutu ba, ɗan kuma hanya ta yi masa nisa. Tsarin shi ne bayan darakta ya miƙa takardar yabo, sai iyali su hau dandamali a yi hoto tare. Da aka zo kansa mai gabatarwa ya ce iyalan Mista Dalyop su fito. Ya sake faɗa. Ba wanda ya tashi. Baba yana tsaye da takardarsa a hannu biyu yana kallon ƙasa, mai gabatarwa ya fara duba sunan gaba.

Madam Kachollom tana kusa da ni. Na cire sabuwar kyamarar daga wuyana na miƙa mata.

“Ranki ya daɗe, ki saita ta wajenmu ki danna nan kawai. Ita za ta yi sauran.”

Ta karɓa. Na hau na tsaya a gefensa, ya kama hannuna ya riƙe gam. Madam ba ta taɓa riƙe kyamara ba a rayuwarta, amma hoton ya fita.

Bayan sati biyu na wanke masa duka na kai gidan famfon ran Asabar, na tarar yana ɗaure kaya zai koma ƙauyensu. Ya bugo mini waya sau ɗaya lokacin Kirsimeti muka gaisa. Daga baya na yi ta neman lambar ba ta shiga, kuma ban san sunan ƙauyen ba, don ban tambaya ba. Wannan yana damuna har yanzu.

Abin da na koya shi ne, kayan aiki mai kyau yana rage maka wahala, kuma ba zan ce ku ƙi shi ba, ni na sa hannu aka sayo shi. Amma yana rage maka dalilin zama da mutane, sai ka nemo dalilin da kanka. Ma'aikatar nan cike take da masu gadi, da masu famfo, da masu kula da sito a wuraren da mota ba ta shiga. Idan an tura ku wajen ɗaya daga cikinsu, kada ku tashi don kawai hoto ya fita. Ku zauna, ku tambayi sunansa da na garinsu, ku rubuta. Mai yiwuwa ku kaɗai ne mutumin hedikwata da zai gani a wannan shekarar.