Elisabatu, Wadda Muka Binne da Sunan Ladi

Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, takwas ga Oktoba, 2025, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah ya karɓi ran Malama Elisabatu Mika a gidana da ke Nassarawa GRA, Kano, tana da shekara sittin da uku. Ta je tsinkar yakuwa a ɗan lambun da ke bayan ɗakinta, ta ce wa mai gadi kanta yana juyawa, ta zauna a kan bulo, ba ta sake tashi ba. Ni a lokacin ina filin jirgin Jidda, ina hanyar dawowa daga Umra, wayata a kashe.

Malama, yau kwana goma sha biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ke ce mai duba mini rubutu da jan biron nan naki da ba ya ƙarewa, ga shi zan yi rubutu a kanki babu mai ce mini jimlata ta yi tsawo. Ki karɓe shi yadda ya zo.

A 2006 na san ki. Kina koyarwa a wata firamare a Kawaji, mijinki Mika akawu ne a wani kamfani a Dakata, kuna haya a Tudun Murtala. Daga ƙasar Kajuru kuka zo, ku Kiristoci ne, ba ku taɓa ɓoyewa ba, babu kuma wanda ya ce ku ɓoye. Da yamma kike zuwa koya wa yarana lissafi. Autata Nabiha takan shige ƙarƙashin gado in ta ji muryarki, ke kuma sai ki zauna a ƙasa ki tura mata littafin can ciki, ki ce a nan ma ana iya yin rabawa. Yau injiniya ce, kuma har yanzu in ta ga jan biro sai ta gyara zama.

Sai ranar Litinin ɗin nan ta Afrilun 2011, bayan zaɓe. Da tsakar rana kika buga mana ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafarki, alli bai bar hannunki ba. Hayaƙin taya ya rufe gabas. Kika ce an ƙone gidan da kuke haya, Mika ya koma ɗauko takardunku bai fito ba. Muna tsaye muka ji ihun matasa yana matsowa layinmu. Na fizgo hijabin da nake salla da shi na zura miki. Maigidana, marigayi Alhaji Sanusi, ya fita ya ce musu babu kowa a ciki sai iyalinsa, suka wuce. Da la'asar maƙwabciyata Hajiya Luba ta leƙo duba mu, ta ga baƙuwa a falo, ta tambaya. Na ce Ladi ce, 'yar uwar mahaifiyata, daga ƙauye ta zo. Sunan da ya fara zuwa bakina ke nan. A unguwarmu mai dogayen katangu babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli fuskar malamar da ke shigowa koyar da yara.

Ba a ga gawar Mika ba. An ce mana an kwashe mutane a mota an binne su tare, ba suna, ba alama. Kin bi asibitoci har kika gaji, ni ina biye da ke, ke kina cikin hijabina.

Sati biyu bayan haka Suhaila, 'yar ƙanena, ta iso daga Zonkwa da jaririn kwana ashirin a bayanta. Ita ma an kashe mata miji a wannan makon, sai dai can Musulmi ne suka gudu. Takan zauna a tsakar gida ta yi ta tsine wa Kiristoci, kaf ɗinsu, har muryarta ta dushe. Ke kika karɓi jaririn. Ke kike dafa mata ruwan wankan jego, kike dama mata kunun kanwa, wata biyu cur. Wata rana na ji ta ce miki, "Inna Ladi, a gidan nan ke kaɗai kike gane abin da nake ji." Kika ce, "Ina ganewa, 'yata. Sha kununki kada ya huce." Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, don ban taɓa ganin irin wannan haƙurin ba, kuma na san ni ba zan iya ba.

Da nufin wata ɗaya kika zauna. Wata ya zama shekara, shekara ta zama goma sha huɗu. Ba ki iya komawa Tudun Murtala ba, ko a mota muka bi ta wajen sai ki runtse ido. Kin so komawa gida, amma a 2019 aka far wa ƙauyenku, 'yan uwanki suka watse, wasu suka ƙare a azuzuwan wata firamare suna kwana a kan benci. Daga nan kika daina zancen gida. Jakarki dai ba ki taɓa kwance ta ba. Tana nan a bayan ƙofa, da zani biyu da takardar shaidar malanta da aka sake ba ki, kuma ko shara aka ƙona a layi sai na ga idonki ya kai kanta.

Me zan faɗa, me zan bari? Ke kika koya wa gidan nan cin faten acca, har Alhaji, wanda bai yarda akwai abinci bayan tuwon shinkafa ba, ya koma tambayar yaushe za a sake yi. Ke kike ce mini, "Hajiya, an kira salla fa, ki ajiye wayar nan." Da azumi ke ce a gaban murhu tun azahar, ba ki taɓa kai ko ruwa bakinki a gabanmu ba. Da ciwon Alhaji ya yi tsanani, ke kika riƙe lokutan maganinsa a ka, har yakan ce gara ya saɓa wa likita da ya saɓa wa Malama. Mukan yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Ni mai saurin fushi ce, ke kuma kina da wani shiru mai sa mutum ya ji kunyar kansa. In kina guga kikan yi waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa, da an taɓa ƙararrawar ƙofa sai ki yi tsit.

Kowace Lahadi kikan fita da hijabi, zanen zumuntar matan cocinku a naɗe cikin jaka. Sai Adaidaita Sahu ta kusa Sabon Gari kike cire wannan ki ɗaura wancan. Ƙarfe ɗaya kina gida, kin koma Ladi. Jiya Lahadi, ƙarfe ɗaya daidai, na ji ƙaramar ƙofa ta yi ƙara, na ji takun silifas a kan tsakuwa har bakin kicin. Na kira sunanki kafin in tuna. Mai gadi ya ce shi bai buɗe wa kowa ba.

Sau uku kika tambaye ni. Na farko a 2014, kika ce, "Hajiya, lokaci bai yi ba da za a gaya wa su Hajiya Luba gaskiya?" Na ce a bari zaɓe ya wuce. Ya wuce lafiya, na yi shiru. Kika sake tambaya, wani zaɓen ya matso, na ba ki amsa iri ɗaya. Haka na uku. A ƙasar nan kullum akwai zaɓen da ke tafe, ni kuma na fake da shi. Tsoro na gaske yana ciki, ban musa ba. Amma akwai abin da ya fi shi, yau zan faɗa: ina jin kunyar a ce Hajiya Aishatu ta yi shekaru tana ƙarya, ina kuma gudun abin da za a ce a Islamiyyarmu in an ji wadda ke dafa mini abincin buɗa-baki. Bayan rasuwar Alhaji, yara duk sun watse Abuja da ƙasashen waje, ni kaɗai na rage a layin nan da na san sunanki.

A watan Agustan da ya wuce, ana ruwa, muna tsince wake a baranda, kika ce, "Mika ba a yi masa waƙa ba, ba a kira sunansa a kan kabari ba. Ni dai in na riga ki, ki kira Jacinta, ki kira matan zumunta. A kai ni mutuware in jira su, ba na sauri. Ku ne kafin shayi ya huce kun binne mutum." Na yi dariya na ce na yi alkawari. Jacinta ita ce 'yarki tilo, ma'aikaciyar jinya a Jos. Ban da waɗancan tambayoyi uku, abin da kika roƙe ni ke nan a shekara goma sha huɗu, shi kaɗai.

Ga yadda aka yi. Mai gadi ya ruga ya kira Hajiya Luba. Wani likita maƙwabcinmu ya tabbatar rai ya yi halinsa. Aka kira Bappa, ƙanen Alhaji, wanda ba mu taɓa gaya masa ba saboda bakinsa ba ya riƙe magana. Ya nemi wayata bai samu ba, taki kuma a kulle take. Bai ga dalilin tayar wa yarana hankali ba, ya ce a fara yi wa baiwar Allah sutura tukuna. A wajenmu gaggauta binne mamaci girmamawa ce, kuma sun girmama ki iyakar saninsu. Aka yi miki wanka, aka sa ki a likkafani, aka sallace ki a ƙofar gidana bayan azahar. Jirgina ya sauka ƙarfe huɗu. Na tarar da tabarmi a shimfiɗe, Bappa ya taso ya tare ni yana cewa, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, mun yi mata komai yadda ya kamata. Sahu uku aka yi." Na zauna a ƙasa a gaban maza.

Washegari da safe Hajiya Luba ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa. Ta kwance bakin zaninta, ta ajiye mini ɗan gicciyen katako mai baƙin zare. Ta ce, "A wuyanta na gani lokacin da nake cire mata riga. Maza sun riga sun taru a waje, an kawo makara. Na rasa wa zan gaya wa, na rasa abin da zai biyo baya." Ita ta yi shirun awa ɗaya, ni na yi na shekaru.

Da hantsi Jacinta ta iso. Tare da ita akwai mata takwas na zumunta, duk cikin zanensu iri ɗaya, sun riƙo farar rigar da za a sa miki. Ni na gaya musu an riga an binne ki, a tsaye a bakin ƙofa. Jacinta ba ta ɗaga murya ba, na so a ce ta zage ni. Cewa ta yi a kai ta kabarin. Bappa, da ya ji gaskiya, ya daɗe riƙe da kansa, sannan ya tashi ya tayar da mota da kansa. Mutum bakwai aka binne a jere ranar Laraba, ruwa kuma ya sauka a kansu ya daidaita ƙasar. Mai haƙa ya nuna biyu, ya ce ɗaya daga ciki ne. Bappa ma bai iya rantsewa ba. Fastonku ya ce kada a tone kowa, a bar matattu su huta. Da suka dawo Jacinta ta dube ni ta ce, "Mama, su biyu ke nan yanzu ban san kabarinsu ba."

Shugabar matan, wata dattijuwa mai suna Winifred, ta matso ta ce, "Hajiya, ko za mu iya yi mata waƙa ɗaya a ɗakinta? A hankali za mu yi." Na ce su yi. Suka shimfiɗa farar rigar a kan gadonki, suka kewaye ta, suka fara. Malama, ban san lokacin da na tashi ba. Sai tsintar hannuna na yi a kan taga ina jawo ta, don kada a ji a layi. Jacinta tana kallona. Na saki tagar, amma ta riga ta gani, ni ma na ga kaina. Shi ya sa na rubuta wannan, kuma na ce a buga shi inda kowa zai karanta.

Malamai sun san abin da ya halatta in roƙa miki da abin da bai halatta ba, ni ilimina bai kai can ba. Na miƙa ki ga Allahn da ya halicce ki, wanda ya ga kunun da kika dama wa Suhaila, wanda ya san wanne ne kabarinki a cikin biyun. Rahamarsa ta fi ƙarfin lissafina, ina roƙon ya dube ki da ita. Ya ba mu zaman lafiya a ƙasar nan, ya mayar da duk wanda aka kora gidansa, na Kajuru da na Zonkwa da na ko'ina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Jacinta, wadda ban da bakin neman gafararta amma ina nema, da 'yan uwan Malama duk inda gudu ya kai su, da matan zumunta, da ɗaliban da ta koyar a Kawaji, da yarana da suka rasa uwa ta biyu. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Ku kuma maƙwabtana da kuka bar ayyukanku kuka yi sahu ranar Laraba, Allah ya ba ku ladan niyyarku. Matar da kuka sallata sunanta Elisabatu, matar Mika, Kirista ce tun daga haihuwa har ranar da ta faɗi a lambu. Sau uku ta nemi ku sani. Ba ita ta ɓoye muku ba, ni ce.

Hajiya Aishatu Sanusi
Nassarawa GRA, Kano