Wuƙar da Kabo Ya Ba Mati

Mati ɗan Tibiri ne, amma a Sabon Gari yake zaune da matarsa Asabe, shekara ashirin da biyu ke nan yana aikin pompiye, wato sojan kashe gobara. Da ya shiga aikin ya ɗauka da gobara zai yi ta kokawa. Ashe rabin aikin a cikin rijiya yake. Siriri ne kamar karan dawa, don haka duk abin da ya faɗa rijiya, akuya ce ko jaki, shi ake ɗaura wa igiya a zura. Guga abokan aikinsa suke kiransa.

Abin da mutanen gari ba su sani ba, Mati bai taɓa yanka ko kaza ba. Ranar Layya maƙwabci ake roƙo. Asabe takan ce, "Soja guda, zakara ya harare shi ya ajiye wuƙa."

Wata Talata da hantsi aka kira su zuwa ƙauyen Jiratawa. San wani tsoho mai suna Kabo ya zame ya faɗa tsohuwar rijiyar lambu. Shi kaɗai gare shi, shi ke jan amalanken da yake kai zogale da albasa kasuwa. Kamar kullum, ba a tuna da pompiye ba sai da manoma suka gama gwada igiyoyinsu da ƙarfinsu. Ko da mota ta iso, san ya nutse cikin laka, kansa kawai ke saman ruwa.

Ana ɗaura wa Mati igiya, Kabo ya miƙo masa wuƙa.

"Baba, wagga ta mi ce?"

"Ɗana, in ka ga za shi, ka yanka. In ya mutu haka nan mushe ne, ko mahauci ba ya dubansa. In ka yanka, ko naman na tsira da shi."

"Fiddo shi muka zo yi, Baba."

"Allah ya yarda. Riƙe dai."

Mati ya soke ta a ƙugu, aka zura shi. Yana isa, san ya lashi hannunsa. Can sama kawuna sun kewaye bakin rijiya, rabi na cewa "Ɗaure shi!", rabi na ce masa "Yanka, Shef, yanka!", kamar yadda suke kiran duk mai kaki.

Ya yi ta neman zagaya igiya ta ƙarƙashin ƙirjin san, laka ta hana. Numfashin dabbar ya fara sarƙewa. Mati ya zaro wuƙa, ya ɗaga kai ya yi kira, "Ina gabas?" Hannuwa goma suka nuna masa. Ya yi bisimilla. Sai san ya kaɗa kunne. Mati ya ce a ransa, ai mai kaɗa kunne da sauran kwanansa. Ya mayar da wuƙa, ya koma kan igiya, da ƙyar ya ɗaure, ya ce a ja. Aka ja. Kafin ƙaho ya kai bakin rijiya, sa ya mutu.

Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi samun sauƙi. Kabo ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallon amalankensa. Can ya tashi ya cika buhu da zogale.

"Ka wahala, ɗana. Kai wa iyali."

Mati ya miƙa masa wuƙarsa. Tsoho ya girgiza kai. "Mi zan yanka da ita?"

Asabe ta kwaɗa zogalen da ƙuli, ba ta yi masa tsiya ko ɗaya ba, shi kuma ya kasa kai loma baki. Ranar Juma'a ya sayo zakara, ya ce daga yau zai koya. Ya wasa wuƙar Kabo har tana ɗaukar ido. Zakaran yana nan har yau, ya yi ƙiba, shi ke tashin unguwa sallar asuba.

Kabo kuwa a ka yake ɗauko zogalensa zuwa bakin titi. In motar pompiye ta zo wucewa yakan sauke kaya ya ɗaga hannu, Mati ya sunkuya yana gyaran igiyar takalmi.