Jum'an da Jirgin Ƙarshe Kafin Iska

Jum'an abokina ne tun muna yara, makiyayin awaki a ƙauyenmu na kan duwatsun tsibirin Sokotra. 'Ya'yansa sun ƙaura birnin Mukalla, kowace Babbar Sallah yakan haye teku a taru da shi.

A shekararsa ta ƙarshe, Sallah ta zo dab da iskar da ke rufe teku wata huɗu. Yana can Mukalla likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ya zauna kusa da asibiti. Jirgin ruwa ɗaya ya rage mai dawowa tsibirin. Shi ya ba ni labarin yadda suka yi da 'yarsa Nuwaira.

Ta ce, "Haba Baba, saboda awaki za ka bar jikokinka?"

Ya ce, "Jikokina suna amsa kiran kowa, 'yar nan, in dai da alewa. Awakina muryata kawai suka sani."

Gaskiya ya faɗa. Kowane gida da irin kiransa. Da ba ya nan, kwana goma ina kwaikwayon nasa, ko akuya ɗaya ba ta sauko ba.

Ya shigo jirgin. Da ya iso muka gaisa hanci da hanci, ya hau dutse ya yi kira sau biyu, awakin suka gangaro.

Bayan wata biyu ya rasu, teku a rufe. Mu maƙwabta muka yi masa wanka, ni na sa shi a kabari. Sai da iska ta kwanta labari ya kai Mukalla. Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana.