Yadda Muka Kai Tauraron Bama Doguwa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da wani abokina mai tsohuwar mota Fijo, wadda sai an tura ta take yarda ta tashi. Lambar soja ce ta fitar da ni. Na daɗe ina tara lambobin yabon da aka raba wa sojojinmu. Ina da ta Kwango, ina da na yaƙin basasa, amma tauraron yaƙin Bama, na zamanin yaƙin duniya na biyu, ya gagare ni. Sai wani ɗan koli ya ba ni labarin wani tsohon soja a Ba'awa ta ƙasar Kiru, wai yana da guda biyu. Na ce ai mai biyu ba zai hana ni ɗaya ba.

A Bebeji muka karya da koko da ƙosai mai zafi. Damina ta ja baya, dawa ta fitar da kai, ko'ina kore shar. Amma da muka sauka daga kwalta, ruwa ya cinye hanya, har na fi motar aiki.

Mun tarar da tsohon, Baba Kofur, a ƙofar gida yana tufkar igiya. Bayan doguwar gaisuwa ya shiga ya fito da wani gwangwani, ya zazzage a kan buzu. Taurarin duk na tagulla ne masu tsini shida, sai ka duba rubutu da ƙyallen da aka rataye su kafin ka bambance. Na Afirka, wanda ya samo a yaƙin Habasha, ƙyallensa launin yashi ne da ja a tsakiya. Na Bama kuwa ja ne a tsakiya, gefe shuɗi da ratsin ruwan goro. Ga su nan biyu, ɗaya ya koɗe, ɗaya kamar yau aka yi shi. Na gyara zama na faɗi buƙatata.

"Ɗana, wannan sabon ba nawa ba ne," in ji shi. "Na Ja'e ne."

Ja'e wani Bafulatani ne da suka yi Bama tare. Shi ya goya Baba ya haye da shi wani kogi, ran da zazzaɓi ya kayar da shi, ga shi bai iya iyo ba. Da aka sallame su Ja'e bai jira rabon lamba ba, ya yi wajen shanunsu, Baba ya karɓar masa. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, bai san ko yana raye ba. Abin da ya ji kawai, danginsu sun zauna wajen Doguwa. Ya ce tsoronsa ya mutu da amanar mutum a gwangwani.

Na dubi abokina, shi kuma ya dubi motarsa. Kafin mu gama shawarar kai shi Doguwa, Baba ya sa hula ya kame a gidan gaba.

Mun iske Tudun Wada ranar kasuwa, ga shinkafa, ga rake araha kamar kyauta. A kara, wato kasuwar shanu, muka yi ta cigiya, har wani dattijo ya ce ya san zuri'ar, amma bai tabbatar ko Ja'e na nan da rai ba. Nan muka kwana. Da safe muka ratsa dajin Falgore, birai na zaune a gefen titi suna kallonmu kamar masu jiran mota. Baba na riƙe da gwangwani a kan cinyarsa.

Bayan Doguwa muka ajiye mota a gindin duwatsu, muka bi tsakanin gonakin masara a ƙafa zuwa rugar da dattijon ya kwatanta mana. A rugar muka ga wani siririn tsoho a inuwa, ido ya yi rauni. Baba ya tsaya, ya miƙe ƙirji, ya buga ƙafa, ya kira sunansa irin na fareti. Tsohon ya karkato kunne.

"Kofur," ya ce, "ka koyi iyo kuwa?"

Suka rungume juna, dariya da hawaye a haɗe. Mata suka fito suna guɗa, ba su ma san dalili ba tukuna. Da Baba ya ciro tauraron, ni aka ba na maƙala wa Ja'e a riga. Ya yi ta shafa shi, yana tambayata launin ƙyallen, ina faɗa masa ɗaya bayan ɗaya. Aka dama fura da kindirmo mai kauri, muka sha har muka kasa tashi.

Baba ya ce mu tafi abinmu, shi kam sai ya yi mako, 'ya'yan Ja'e za su mai da shi gida. Muka kamo hanya da man shanu da zabi biyu suna ta kuka a bayan mota, muka shigo Kano da la'asar sakaliya.

Mai ɗakina ta tambaye ni ina lambar. Na ce tana ƙirjin mai ita. Na buɗe akwatina na dubi waɗanda na tara. Duk na san sunayensu da launinsu, amma ban san mutum ko ɗaya da ya taɓa rataya su ba. Daga yanzu, duk lambar da aka kawo mini, kafin in juya bayanta sai na fara tambaya ta wane ne, kuma ina yake.