Ranar da Ba Ta Cikin Littafina

Sunana Muhuyi, amma daga Tiga har Bebeji idan ka tambayi Muhuyi sai an yi ta kallon juna. Ka ce "Rana Irin Ta Yau", nan take za a nuna maka ƙofar gidana.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, kuma a cikinta na kamu da wannan ciwo. Wani hedimasta ne ya ba ni tsohuwar kalanda mai tarihi a bayan kowane shafi, sai na sayi babban littafi na fara kwafa. Daga baya na ƙara da abin da nake ji a rediyo. Da na yi ritaya na rasa ɗaliban da zan takura wa, sai na koma kan mutanen teburin mai shayi. Kullum da safe kafin a zuba mini nake buɗe littafi.

"Jama'a, a rana irin ta yau, biyu ga Afrilu, 1972, aka koma tuƙi ta hannun dama."

"Allah ya ƙara sani, Malam," in ji su, kowa idonsa na kan burodinsa. Ni kuwa na ɗauka natsuwa ce.

Na san ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kano, na san ranar da naira ta kori fam da sule. Ranar haihuwata ce dai ban sani ba. Ɗaya ga Janairu aka rubuta mini, kamar rabin ajinmu.

Bara wata ɗalibar jami'a mai suna Badiyya ta zo daga Kano tana bincike kan ƙauyukan da aka tasa lokacin da aka gina madatsar Tiga. Namu na ciki, yanzu yana ƙarƙashin ruwa. Duk wanda ta tambaya sai ya turo ta wurina. Na sa babbar riga, na shimfiɗa darduma, na jera littattafaina uku yadda za ta gan su sosai.

Bayan mun gaisa ta kunna wayarta ta ce, "Baba, a wace rana kuka tashi daga tsohon gari?"

Na buɗe littafi na farko. Na buɗe na biyu. Akwai ranar da mutum ya taka wata, babu ranar da muka bar gidan ubanmu. Sai na yi gyaran murya na ba ta labarin da na saba bayarwa: yadda na ɗauko ƙyauren ɗakinmu a ka, ina gaba, jama'a na biye.

"Wa kuma zan tambaya?" in ji ta cikin ladabi.

Dole na raka ta gidan yayata Barakatu, mai suyar kifi, wadda ba ta taɓa zama a aji ba. Muka same ta a gaban kasko, Badiyya ta maimaita mata tambayar. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Laraba ce. An gama yankan gero, ba a taɓa dawa ba. Kwanan Rabi ta gidan Liman tara da haihuwa, don da ita a goye aka shiga mota."

Ta faɗi gidajen da suka fara lodi. Ta faɗi yadda babanmu ya koma shi kaɗai ya tsaya a kan kabarin mahaifiyarsa har direba ya gaji da jira. A nan ta juya kifi. Ni ban taɓa jin wannan ba, don ban taɓa tambaya ba.

Badiyya ta ce, "Inna, ashe Baba ne ya ɗauko ƙyaure?"

Yaya ta ajiye matsami ta dube ni. "Wane ƙyaure? Muhuyi, kai da ƙyanda ta rufe ka? A cikin kwando aka sa ka, kana ta ihu a dawo a ɗauko maka kazarka."

"Yaya, a gaban baƙuwa?"

"To ƙarya zan yi mata?"

Kafin la'asar labarin kwando ya riga ni zuwa ko'ina. Kwana uku a gida na sha shayi.

A na huɗu na sayi sabon littafi na tafi gidan Yaya. Ta ce za ta ba ni labari, amma ba za ta yi magana da mai hannu a sake ba, sai ta turo mini daro da wuƙa. Yanzu duk Juma'a bayan masallaci ina can ina gyaran kifi ina rubutu, shafukan duk sun yi ƙarni. Mun rubuta gida arba'in da ɗaya, da rijiyoyi, da inda kowace tsamiya take. Kwanan watan dai har yau ba mu samo ba, na bar masa fili a saman shafi.

Da Badiyya ta gama aikinta ta aiko mana da kwafi. Sunan Yaya ya fito sau goma sha bakwai, na ƙirga. Nawa sau ɗaya, a shafin godiya: "da Malam Muhuyi, wanda ya nuna mini gidan."